Kasuwa ta kowa ce, fuska kuwa da mai ita



Yau maganar hoto nake so mu yi. Na san wani zai ce, da duk abin da ke kanmu, tsadar hatsi da rashin ruwa da samarin da ke barin lakwal suna kama hanyar Agadas, wai hoto ne ya tsaya maka a rai? E, ya tsaya mini. Domin a da, hoton da aka ɗauka a kasuwarmu tafiya yake yi ba ya dawowa. Yanzu kuwa kafin mai hura ta wanke ƙwaryarta ta kama hanyar gida, hotonta ya riga ta isa. Mijinta ya gani, uwar mijinta ta gani, malamin unguwa ya gani, ita kaɗai ce ba ta san an ɗauka ba.

Baƙi sun daɗe suna kallon kasuwanninmu. A watan Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya sauka Tasawa a hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Ba shi da kyamara, alƙalami gare shi, amma aikin ɗaya ne. Ya zaga kasuwa, ya rubuta daddawa da fara da yadda ake zama ana ƙirga wuri, littafin ya fita a Turai, kuma ba wata mai daddawa ta Tasawa da ta taɓa jin labarin an sa ta a littafi. Bayan shekara ɗari da wani abu masu bincike suka zo da kyamara. Guy Nicolas ya yi shekaru yana nazarin kasuwanci da al'adun Anna a ƙasar Maraɗi, Jacqueline Monfouga-Nicolas ta fitar da littafi a kan bori a 1972. Na karanta wasu daga cikin rubuce-rubucen nan lokacin da nake jami'a, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin samun su, don akwai abubuwan kakanninmu da ban ji su a bakin kowa a gida ba sai a can. Amma ku lura da abu ɗaya: da Faransanci aka rubuta su, a ɗakunan karatu na nesa aka ajiye su. Nisan nan shi ya rufa wa mutanen ciki asiri. Wadda aka ɗauka tana rawar bori a 1968 ba ta tashi washegari ta tarar ana nuna ta da baki a bakin rijiya ba.

Yau bature ɗan yawon buɗe ido ya yi wuyar gani a hanyar Mayahi. Masu ɗaukar hoto a kasuwar Tchaké, ko ta Kanembakashe, ko ta Sarkin Hausa, mu ne. Ma'aikacin ONG da ya zo da mota fara yana neman hoton da zai cika rahoto, ɗan birnin da ya zo ganin gida da salla yana son nuna wa abokansa na Yamai "ƙauyenmu", da yaron gari mai salula da ke neman mabiya a TikTok. Mu ne muka gaji idon baƙo, muka kuma haɗa shi da abin da baƙo bai taɓa samu ba: mun san sunan kowa, mun san gidan kowa, kuma waɗanda ke kallon shafinmu su ma sun sani.

Ban ga laifin wanda ranar kasuwa ta ba shi sha'awa ba. Wa zai ga tabarmin kaba na Gulbin Kaba an jingine su jere, da faya-fayai masu rini, da jajayen awakin Maraɗi a turke, da tulin aya da wake da gujiya, da mai ƙuli-ƙuli tana korar ƙuda da mahuci, da amalanken shanu suna shigowa cikin ƙura da hantsi, bai ji hannunsa ya tafi aljihu ba? Abin kallo ne. Sai dai wanda ya girma a nan ya san kasuwa ba kaya kaɗai ba ce. Kasuwa wuri ne da mutum ke yin sirrinsa a bainar jama'a, yana dogara da cewa kowa ya kau da kai. Magidancin da ka gani tsugune gaban mai awo yana sayen hatsi tiya biyu a tsakiyar damina, rumbunsa ne ya ƙare, kuma ya fi son ƙasa ta tsage ya shige da surukansa su sani. Tsohuwar da ke riƙe da igiyar akuya ɗaya tilo, wataƙila ita ce ta ƙarshe a gidan, ɗiyarta ke kwance asibiti. Mutumin da ke cinikin sa a gefen kara, akwai wanda yake binsa bashi, akwai kuma wanda ke neman sanin wa ya koma gida da kuɗi a aljihu, kuma a wannan zamani ba sai na yi muku bayanin abin da hakan ke nufi a jihar Maraɗi ba. Duk mutanen kasuwa suna ganin waɗannan abubuwa, amma akwai wata yarjejeniya da ba a rubuta ba: ka gani, ka yi kamar ba ka gani ba. Ido yana mantuwa, yana kuma jin kunya. Salula ba ta da ko ɗaya.

Na san wata baiwar Allah a wani ƙauye kusa da mu, mijinta na Libiya shekara biyu, aike ya yanke. Ta fara dafa ɗan wake tana kaiwa kasuwar wani gari don kada yara su kwana da yunwa. Wani saurayi ya ɗauke ta tana dariya da mai saye, ya sa a Facebook, ya rubuta "kyawun ƙauye" a ƙasa. Ba da mugun nufi ya yi ba, har yabo yake ganin ya yi. Hoton ya bi WhatsApp har ya kai wa mijin. Sai da dattawa suka shiga tsakani aure bai mutu ba, amma sana'ar ta mutu. Shi mai hoton ya samu masu danna masa "so" ɗari da wani abu. Ita ta rasa jarinta da ƙafar fita.

In abin ya kai haka a kan ɗan wake, to ku auna a kan bori.

Ni ba ɗan bori ba ne, kuma ban zo in yi wa kowa fatawa a kansa ba, wannan aikin malamai ne. Amma ƙarya ce mu ce babu shi. Har gobe akwai gidajen da ake girka, akwai inda goge da ƙwarya ke tashi da dare, akwai masu kiran Doguwa da Sarkin Rafi da Malam Alhaji. A Maraɗi akwai sarautar Iya, a Tibirin Gobir akwai Inna, kuma kowa ya san alaƙarsu da 'yan bori tun kaka da kakanni. Can wajen Ƙonni, a Masalata, Anna na yin buɗin daji, jama'a na taruwa daga nesa. Wasu daga cikin waɗannan a fili ake yin su, masu yi ba su ƙi a gani ba. Amma girka ba wasa ba ce, jinya ce. Matar da aka kai, galibi an gaji da yawon magani ne, kuma a lokacin da ta faɗi ɗankwali ya fita, ba ta cikin halin da za ta ce e ko a'a. Wanda ya ɗaga salula a wannan lokaci ya ɗauka, daidai yake da wanda ya leƙa ɗakin haihuwa. Kuma mun ga inda bidiyoyin ke ƙarewa: wani ya sa waƙar barkwanci a kai, wani ya yanko shi ya liƙa a wa'azi, fuskarta a buɗe, ana tsine mata daga Kano har Kumasi.

Kada wani ya ce ai zagin intanet ne kawai, ba ya fasa jiki. A watan Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai, a Maraɗi fushin bai tsaya kan masu bikin ba. An afka wa gidajen mata masu zaman kansu, da mashaya, da coci, da wajen 'yan bori. A lokacin sai wanda ya san gida yake iya nuna gida. Yau bidiyo ɗaya ya isa ya nuna fuska da ƙofar gida da bishiyar da ke gabanta.

Akwai darasi a labarin Jean Rouch, Bafaranshen da ya yi rayuwarsa yana ɗaukar fim a Nijar har ya rasu a haɗarin mota kusa da Ƙonni a 2004, aka binne shi a Yamai. A 1954 ya ɗauki 'yan Hauka, 'yan ci-ranin ƙasarmu da ke zaune a Ankara ta Gana, suna bikinsu. Su da kansu suka gayyace shi, ba satar ɗauka ya yi ba. Duk da haka da aka nuna fim ɗin a Paris, ɗaliban Afirka da ke wurin ransu ya ɓaci matuƙa, har malaminsa Marcel Griaule ya nemi a lalata shi, don sun san da wane ido Turawa za su kalli baƙar fata yana kumfar baki. Daga baya Ousmane Sembène na Senegal ya faɗa masa a gaban idonsa cewa irin su suna kallon mu ne kamar ƙwari. To ga izini an bayar, amma masu bayarwa ba su san ɗakin da za a kai su ba. Shi ya sa nake cewa "in ɗauka?" rabin tambaya ce. Sauran rabin shi ne: ga inda zan kai, ga waɗanda za su gani, ga abin da zan rubuta a ƙasa.

Amma Rouch ɗin nan ya yi wani abu da mu 'yan gida ba mu yi. Da ya ɗauki masuntan Ayoru suna farautar dorina a kogin Kwara, ya koma da fim ɗin ya haska musu. Suka ce ya cire kiɗan da ya sa, don a wurinsu kiɗa ƙarfin zuciya yake ƙara wa dorina, farauta kuwa shiru take so. Ya cire. Bature ya ɗauko inji daga Faransa ya kawo Ayoru don masu fuska su ga fuskarsu su yi gyara. Kai da ke tsaye taku biyu daga mai tabarma, juya mata salular ta gani ya gagare ka?

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba, kuma wasu sun riga mu nisa, gara mu leƙa mu ga inda hanyar ke kaiwa. A ƙasar Gwatemala, can ƙasa da Meziko, akwai 'yan asalin ƙasar da ake kira Maya, manoman masara ne masu saƙa da rini. Suna da wani gari, Chichicastenango, da kasuwarsa ke ci Alhamis da Lahadi. A bakin kasuwar akwai cocin Santo Tomás, inda suke ƙona turare a kan matakala suna haɗa addu'ar Kirista da ta kakanninsu. Hoton matakalar nan ya zaga duniya, motoci na sauke baƙi kowace ranar kasuwa, mutum na tsakiyar roƙon lafiyar ɗansa ana haska masa fitilar kyamara a ido. Kuɗi na shigowa, gaskiya ne, amma har ta kai wasu mata na rufe fuska, wasu na miƙa hannu a biya kafin a ɗauka. A wani garin Maya da ke Meziko, San Juan Chamula, mutanen gari suka yanke hukunci da kansu: a kasuwa ka nemi izini, a cikin coci kuwa ba a ɗaukar hoto sam, ko kai wane ne, wanda ya karya ya gamu da hukuman gari. Baƙi ba su daina zuwa ba. Inda kuma ba a yi magana da wuri ba, abin ya zo da muni. A Afrilun 2000, a kasuwar Todos Santos ta Gwatemala, ana cikin jita-jitar masu satar yara sai ga motar 'yan yawon buɗe ido daga Japan suna ɗaukar hotuna. Taro ya afka musu, aka kashe baƙo ɗaya da direbansu ɗan ƙasar. Kisan zalunci ne, ba shi da wani uzuri. Na kawo shi ne don mu ma mun san yadda jita-jita ke gudu a kasuwa, kuma doka da aka sani tun a ƙofa tana kare mai kyamara kamar yadda take kare wanda ake ɗauka.

Sai 'yan uwanmu na ƙungiyoyin agaji, kuma a nan ina magana ne da mutanen da nake zama da su a taro ɗaya. Duk wanda ya kai shekaruna yana tuna 2005. Hotunan yaran Maraɗi masu tamowa ne suka fita a talabijin na duniya kafin taimako ya taso da gaske, a lokacin da hukumomi ke cewa babu yunwa. Ba zan ce da ba a ɗauka ba, don hotunan sun ceci rayuka. Amma yaran nan da suka rayu, yau sun haura shekara ashirin. Wasu sun yi aure, wasu na jami'a. Hoton ɗayansu tsirara a kan sikeli, ƙashin haƙarƙari a waje, yana nan a intanet, wasu ma kamfanonin hoto sayar da shi suke yi ga mai so. Ba wanda ya koma ya tambaye shi. Har yau kuma salon bai canza sosai ba. A zo rabon buhu, a jera mata a rana, a ce su ɗaga kati su yi murmushi, a miƙo takarda da Faransanci a ce su dangwala yatsa. Ranka ya daɗe mai rahoto, matar da ke jiran buhun da za ta ciyar da gida, in ka ce ta dangwala za ta ce a'a? Wannan ba izini ba ne. In kana son ka san ko da gaske ta yarda, ba ta buhunta tukuna, ta ɗora a kai, sannan ka tambaye ta da Hausa, ka kuma gaya mata ko ta ƙi ba abin da zai ragu a rabo na gaba. Za ka ga hotunanka sun ragu. Waɗanda suka rage su ne naka na halal.

Yanzu bari in toshe wata ƙofa kafin wani ya shige ta. Ina jin tsoron ranar da wani mai muƙami zai ɗauki irin wannan rubutu ya ce, kun ji, ko 'yan farar hula sun ce a daina ɗaukar hoto. A'a. Ajin zana da iska ta kwashe, a ɗauka. Famfon da aka ƙaddamar da guɗa ya mutu bayan wata uku, a ɗauka. Ɗakin magani da ba ko ƙwaya, hanyar da ruwa ya cinye, mai karɓar kuɗin kasuwa da ba ya ba da tikiti, duk a ɗauka a nuna. Wanda ya karɓi amanar jama'a ya karɓi idon jama'a tare da ita. Abin da na lura da shi, kuma yana ba ni haushi, shi ne kyamararmu ta fi ƙarfin hali in ta kalli ƙasa. Gaban mai kaki ko mai rawani tana komawa aljihu da kanta, gaban tsohuwa mai daddawar batso ko almajiri ko mai taɓin hankali sai ta zama zaki. Wanda ba ya iya hana ka, shi ya fi cancanta ka tambaya.

Ta fuskar doka ma ba a bar abin sakaka ba. Tun 2017 Nijar na da dokar kare bayanan mutum, akwai kuma hukumar HAPDP da aka ɗora wa aikin, kuma fuskar da ake gane mai ita tana cikin bayanan mutum. Sai dai mu faɗi gaskiya, mai tabarmar Isawane ba za ta shiga mota ta je Yamai kai ƙara ba, ba ta ma san an ɗauke ta ba balle ta san ofishin. Abin da ya fi kusa da ita shi ne abin da muka tashi da shi. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba izini ba sallama, Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Ko a al'ada, namiji baligi ba ya wuce zaure sai an ce ya shigo. Yaron da ba zai taɓa tsallake zauren maƙwabci ba, shi ne ke tura salula ta saman danga ranar suna, ya watsa matan gida suna rawa, kuma bai ga ya yi komai ba, don ba wanda ya taɓa ce masa wannan ma shiga gida ce.

Wani abokina mai ɗaukar hoto ya ce mini, in ka tambaya ai hoton ya lalace, mutum zai gyara tsayuwa ya daskare kamar na katin zaɓe. Na ce to ɗauki, sannan ka je ka nuna, in an ce goge ka goge a gabansu. Ko ka zauna ka sayi goro, ka yi hira, ka dawo kasuwa ta gaba, har a saba da kai a manta da abin da ke hannunka. Masu hoton kirki haka suke yi, lokaci suke biya. Kuma sau da yawa za ka sha mamaki: mutane na son hoto. Maƙerin da ka tambaya zai ce tsaya in ɗauko haukar da na fi ji da ita, ka kuma rubuta sunana da garinmu, wataƙila mai saye ya gani. Wannan shi ma haƙƙinsa ne. Ku dubi Maijirgi, nan kusa da Tasawa: kaburburan Voulet da Chanoine, da suka ƙone garuruwa a 1899, suna da suna, baƙi na zuwa ɗaukar su hoto, mutanen da suka kashe kuwa sai dai a ce "jama'a da yawa". Mun gaji da zama "wata mata a kasuwa". Mai son a faɗi sunansa a faɗa, mai son a ɓoye fuskarsa a ɓoye, amma shi zai zaɓa, ba mai salula ba.

Muna kuma bukatar hotunan nan, kada a fahimce ni a baibai. Buhun leda na korar sanho, roba na korar ƙwarya, masu dukan kaba na raguwa. Jikokinmu za su so ganin yadda kasuwar Tchaké take a yau, kuma na fi son su gani ta hannun ɗan Tchaké, da sunaye daidai da bayani daidai, a ajiye kwafi a ma'aikatar magajin gari ko a lakwal, ba sai sun nemi biza sun je Turai ganin kakarsu ba.

Abin da nake roƙo ba ya bukatar kasafin kuɗi. Sarkin kasuwa da magajin gari da mai gari su zauna su tsai da magana, mai shela ya zaga da ita ranar kasuwa, gidajen rediyon karkara su maimaita: ba a ɗaukar fuskar mutum sai ya yarda, ba a ɗaukar yaro sai da uwa ko uba, ba a ɗaukar mai jinya ko a asibiti ko a wajen girka, baƙon da ya zo da kyamara ya fara gaida sarkin kasuwa. Masu buɗin daji da masu bori su ma su faɗi da bakinsu wane sashe ne na kallo, wane ne ba na kallo ba, tun kafin a fara. Mu kuma masu shafuka, kowa ya koma cikin salularsa daren nan ya duba. In akwai fuskar da ka sa ba da sanin mai ita ba, ka san garinsu, ka san ranar kasuwarsu. Kabu-kabu zuwa can bai kai kuɗin da kake zubawa a intanet cikin sati ɗaya ba.